Illa Mai Kes da Horon Duna

Duk wanda ya tashi a Matameye ya san Illa Mai Kes, ko bai san fuskarsa ba ya ji sunan, don har yau in yaro ya yi ɓarna kuma ya zo ya zauna gabanka yana jiran a zuba masa abinci sai ka ji tsofaffi sun ce wannan horon Illa ne.

Illa ɗan guntun mutum ne mai faɗin ƙafa, ga surutu ga son a ce ya ga duniya. Tun yana saurayi ba ya rani a gida, da an yanke gero an zuba a rumbu sai ya saɓa buhunsa ya tsallaka Najeriya, ya yi ga-ruwa a Kano ya yi yankan farce ya yi dako, ƙarshe Allah ya haɗa shi da gadi a gidan wani Bature a Kaduna, to daga nan mutane suka daina hutawa. Kome ka yi sai ya ce maka a Kaduna ba haka ake yi ba, ɗaurin jaki a Kaduna ba haka ake yi ba, hura wuta ma a Kaduna ba haka ake yi ba. Yana da wata tsohuwar kwat ta gadi mai manyan maɓallai, ko rana na narka mutum tana jikinsa.

Kuma abin da ya fi burge shi a gidan Baturen nan ba mota ba ce ba lantarki ba, kare ne. Wani ƙato kamar ɗan maraƙi, yana da akwatinsa na waya a bayan gida, in ya yi laifi matar Baturen ta nuna akwatin da yatsa kawai sai ya sunkuyar da kai ya shige ta rufe, in an jima a buɗe ya fito a natse kamar ango gaban surukai. Illa daga bakin ƙofa yake hango abin yana girgiza kai. Abin da bai hango ba tunda bayan gida ba wurin mai gadi ba ne, karen nan safe da yamma kwanonsa cike yake, ya yi laifi ko bai yi ba.

Sai ga shekarar nan da ruwa ya ɗauke gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye, Najeriya kuma ta kori baƙi ta rufe iyaka, Illa ya dawo daga shi sai kwat. Lokacin soja ke mulki, a rediyo aka ce kowa ya gangara fadama noman rani, wanda aka kama gindin itace yana dara shi da gardi, dogaran gwamnati. Aka raba garake ta wajen hanyar Dungu, Illa ya samu tasa, aka ba su iri ya shuka shu, wato kabeji, da salati da ɗan tamati. Rumbunsa ko ɓera ya shiga sai ya fito da hawaye, ga matarsa Baiwa ga yara, jar dawar taimako da ake rabawa ba ta isa, shu ɗin nan shi ne zai kai gidan damina in ya yi, in bai yi ba sai dai a watse.

To amma awaki. Yunwa ta mai da awakin gari wasu irin halittu, suna cin kwali suna cin zane a shanya, shingen ƙaya kuwa da shi suke buɗe baki kafin su kai ga shuka. Illa ya taka har Kurni wajen wani mafarauci ya roƙo ɗan kare baƙi mai dogayen ƙafafu, haƙarƙari duk a waje. Ya zo da shi ƙofar gida a igiya.

Baiwa ta leƙo ta ce, "Mai gida, wannan abin ba zai taka min tsakar gida ba, nan nake salla."

"Garka zai zauna. Na ma sa masa suna, Kafaran."

"Kafaran na soja? Kana so ka tsaya tsakiyar garka kana cewa Kafaran zo nan ɗan banza, jandarma na wucewa bisa hanya? To bari in haɗa maka tabarmar kwanan kaso tukuna."

Shi ke nan aka koma Duna.

Saura akwati. Illa ya bi malamin gona kamar jela har sai da ya bar masa kes ɗin katako da injin ban ruwa ya zo a ciki, ya ɗauko shi a ka tun daga cikin gari mutane na tambaya ko lafiya, ya yanko tsohuwar taya ya yi masa maɗaurin ƙofa, ya ajiye gindin mangwaron da ke kusurwar garkarsa. Daga ranar sunan ya bi shi.

A nan dai kowa ya sani kare ba a zuba masa a kwano, shi ke nema, ƙadangare ne ɓera ne gafiya ce, abin da Allah ya hore. Balle shekarar da mutane ke lashe tukunya. Haka Duna ya fara zama, yana yawo cikin garka yana bin ƙadangaru, wani lokaci ya yi wa akuya haushi in ya ga dama. Rannan rana ta take zafi ya ishe shi, ya samu fangalin salati da aka gama shayarwa ya tone shi ya kwanta cikin laima ya miƙe ƙafafu. Illa ya gani, maimakon ransa ya ɓaci wallahi har wani daɗi ya ji, ranar da yake jira ta zo. Ya gyara kwat ya nuna kes da yatsa. Duna ya dubi yatsan ya yi hamma. Sai da ya ja shi da igiya ya tura da ƙafa ya rufe, kare ya kama kuka.

Garkar da ke gabas ta Malam Inusa ce, dattijo mai karantar da manya bayan magariba, shi ma yunwa ta gangaro da shi fadama. Ya ajiye guga ya leƙo ta kan shinge.

"Illa, me ke kuka cikin akwatin nan?"

"Horo ne, Allah gafarta Malam. Fangali ya tone min."

"Ka ba shi ruwa?"

"Ai laifi ya yi."

"Ban tambaye ka laifi ba. Dabba in tana sake Ubangijinta ke ciyar da ita, ko ƙadangare ta kama rabonta ne. Ranar da ka rufe ta ka hana ta nema, cinta da shanta sun dawo wuyanka. In ta wuni da yunwa kai da ita ne ranar gobe."

"Ko kare, Malam?"

"Ko kiyashi."

Illa duk surutunsa mutum ne mai tsoron lahira, ya tsaya ya dubi kes ya dubi ɗan kwanon tuwon jar dawa da Baiwa ke ɗaure masa kullum da safe, ya haɗiye yawu, ya raba tuwon biyu ya zuba rabi a kasko, ya ɗebo ruwan rijiya mai sanyi a gwangwani ya tura ciki. Kuka ya tsaya nan take. Duna tunda uwarsa ta yaye shi bai taɓa ganin tuwo da miya wuri ɗaya ba, ya cinye ya lashe kaskon har yana ƙara, ya sha ruwa, ya kwanta cikin inuwar katako ƙarƙashin inuwar mangwaro ya yi barcin da bai taɓa yi ba. Da aka buɗe da la'asar ya fito a natse yana kaɗa wutsiya.

Illa ya ce, "Malam ka gani ko? Haka na Kaduna yake fitowa."

Washegari kare ya wuni bai yi laifi ba, ya wuni da yunwa. Wanshekare ya tone fangali, ya ci tuwo. To kare ba jaki ba ne. Kafin a jima igiya ma ta daina amfani, da ya tona sai ya ruga kes da kansa ya zauna. Da ya lura in ya tona Illa na can bakin rijiya bai gani ba babu abin da ke biyo baya, sai ya koma jira, ya tsaya kan layin shu yana kallon Illa har sai sun haɗa ido, sannan ya sa baki ya tuge guda, ba ya ma ci, ya ɗauko ya ajiye gaban ƙafarsa ya wuce kes ya juyo ya zauna yana kallon kwano.

Illa kuwa baki har kunne. Duk wanda ya wuce sai ya tare shi. "Ku zo ku ga kare mai kunya. Ya san laifinsa, shi ke kai kansa. Ko soja bai yi wa mutanen garin nan irin horon nan ba."

Isufu sarkin noma, wanda shi aka ɗora kan garaken wurin, ya tsaya ya ga yadda ake raba tuwo ya ce, "Illa, kason nan naka akwai sauran wuri? Ni ma tun jiya ban ga miya ba."

"Kai dai ba ka fita ba, Sarki. A Kaduna…"

"Na ji, na ji. Layin shu ɗinka dai ya fara giɓi kamar bakin tsohuwa."

Ga wani abu kuma, awaki ma sun haddace lokacin. Da rana ta take sun san mai gadi na cikin kes yana barci, sai su taho a jere su sa kai ta kafar da ke tsakanin shingen Illa da na Shekara, wata gwauruwa da ke rainon marayunta da tamati a garkar yamma. Illa ya bar guga ya bi su da gudu cikin kwat yana jifa, kare na kallonsa ta tsagar katako. Duna ya yi sulɓi gashinsa na sheƙi, Illa wandonsa ya fara neman faɗuwa sai da ya ƙara tsuke mazagi.

Ranar da abin ya ɓaci Illa na can ƙasan rijiya yana yasa, don ruwa ya ja baya. Duna ya tsaya kan layin shu ya jira ya jira ba idon da zai haɗa da shi, ya tuge guda ya kai kes shiru, sai ya bi ta kafar nan ya shiga wajen Shekara inda akwai mai gani. Ya tsaya gabanta sai da ta ɗago kai, sannan ya shiga tsakiyar renon tamatinta ya tone shi da ƙafa huɗu, ya dawo gida a guje ya shige kes ya zauna. Ihun Shekara shi ya fito da Illa daga rijiya laka har wuya.

Aka taru. Shekara na riƙe da 'yan tsiron a tafin hannu tana cewa, "Da me zan ciyar da su, Sarki? Da kunyar karen Illa?"

Isufu bai yi dariya ba wannan karon. Ya ce, "Illa, ka cire daga renonka ka mayar mata. Kuma ka ji da kyau, karen nan in ya ƙara taɓa ganyen wani ko guda, zan aika Kurni wanda ya ba ka shi ya zo da bindigarsa. Bana ba shekarar wasa ba ce."

Illa ya koma garkarsa. Ba zai faɗa wa kowa ba amma karen nan ya shiga ransa, shi kaɗai ne a duk fadamar ke sauraren labarin Kaduna har ƙarshe. Ya zauna ya yi tunani ya ga ai horon ne bai isa ba, sai ya ƙara tsawon kulle, tsawon kulle kuma ƙarin tuwo ne tunda Malam ya faɗa, ya koma shi ke cin loma biyu kare ya cinye sauran, awaki kuma suka samu wuni.

Baiwa ce ta ga abin ya ishe ta. Tana ganin miji na ƙarewa ta fara rage nata tana ƙara masa a kwano, kwano na dawowa a lashe tas, mutum na ƙara tsotsewa. Har ta fara tunanin ko sammu ne. Rannan ta ce yau ba za ta ɗaure masa ba, ita za ta kai da kanta. Rana na takewa sai ga ta da kwano ƙarƙashin mayafi, ta gai da Malam ta gai da Shekara, ta samu gindin mangwaro ta zauna nesa da kes tana tattare zane.

Duna na kwance ya shaƙi iska. Ya tashi ya yi miƙa gaba ya yi miƙa baya, ya taka a hankali kamar mai zuwa aiki, ya tsaya kan layin shu, ya dubi Illa, ya tuge, ya kawo ya ajiye, ya shige kes ya juyo ya zauna ya kafa wa mayafinta ido.

Illa ya ce, "Kin gani da idonki ko? Ba duka ba zagi. Miƙo kwanon."

Baiwa ta dubi kare ta dubi shu ta dubi mijinta, sai ta fara dariya, irin wadda ba ta da sauti, kafaɗu kawai ke rawa, har ta kama ciki hawaye na zuba.

"Mai gida, ashe tuwon da nake hana cikina ladar ɓarawo nake tuƙawa. Na yi renon yara, ban taɓa ganin wanda ya fasa tulu aka ba shi fura ya daina fasa tulu ba."

"Ke ba ki gane ba. Malam ne ya ce in na kulle shi…"

"In ka kulle shi."

Ta tashi ta ɗauki laujen da ke rataye a reshe, ta sa tsawon hannu don kada ta taɓa karen, ta yanke tayar nan sama da ƙasa, ƙofa ta faɗi. Ta juya gabas ta rusuna.

"Allah gafarta Malam, akwati babu ƙofa, kulle ne?"

Malam Inusa ya leƙo ya duba ya shafa gemu. "Wannan inuwa ce."

"Wanda ya shiga inuwa da ƙafarsa, cinsa na wuyan wa?"

"Na wuyan wanda ya halicce shi."

Ta dawo ta zauna ta ɗora gwiwa kan kwano.

Duna ya jira. Ya karkata kai ya dubi kasko ya dubi Illa. Da ya ga shiru ya ɗauka ba a gani ba ne, ya fito ya tuge wani ya kawo ya koma ya zauna. Shiru. Ya fito ya zaɓi babba wanda ya fara naɗe kai, ya tuge ya girgiza shi ƙasa na watsuwa. Illa ya miƙe, Baiwa ta riƙe bakin kwat.

"Zauna."

"Shu ɗin yara ne fa."

"Na sani, ni ke dafa shi. Zauna."

Ya zauna yana jin kowane tugewa kamar daga haƙarƙarinsa. Sai kare ya tsaya tsakiyar garka yana haki, ya ga mutanen nan biyu sun zama duwatsu, ya juya kai yamma. Can Shekara na sunkuye cikin tamatinta, kuma ga Isufu tsaye kanta da hannu a baya ya zo duba sabon dashen. Duna ya kama hanyar kafa.

Illa ya ce ƙasa-ƙasa, "Baiwa, don Allah loma ɗaya. In ya tsallaka sun kashe shi."

"In ka jefa yanzu gobe ma can za shi."

"Baiwa."

Ba ta ɗaga gwiwa ba.

To lokacin awaki ne, su ba wanda ya gaya musu an cire ƙofa. Kare na isa bakin kafa wata jar akuya na turo kai, na bayanta sun riga sun karkata wajen tamatin Shekara. Duna ga yunwa ga haushin an cuce shi, ya rasa a kan wa zai huce, sai ya yi wata irin kururuwa da ba wanda ya san yana da ita ya afka musu. Awaki suka watse suna karo da juna, ya bi su ta gefen shingen Shekara bai taka ko ganye ba, ya kai su har bakin hanya ƙura na tashi. Yana dawowa harshe a waje Baiwa ta buɗe kwano ta gutsuro ƙatuwar loma ta jefa masa tun bai ƙaraso ba. Ya cafe. Ya tsaya ya dubi matar, ya dubi wajen da awaki suka bi, ya dubi kes, kamar mai lissafi.

Isufu ya leƙo ya ce, "Illa, dā ma karen naka yana haushi?"

Shekara ta ce, "A bar shi, Sarki. In dai haka zai yi ni ma ina da ƙanzo."

Daga ranar tuwo sai an kori akuya. Sau biyu uku ya ƙara gwada tugewa ya shiga inuwa ya jira har ya gaji, ya daina. Ba a aika Kurni ba. Shu ɗin da ya rage ya naɗe kai, ba yawa amma da shi da jar dawa Baiwa ta ja gidan har hadari ya fara haɗowa, kuma Illa bai ƙara tsallaka iyaka ba ko da aka buɗe ta, garkar nan ya riƙe har tsufa yana kai shu kasuwa a jaki.

Sai dai kafin a cire shu ɗin Illa ya lura awaki sun fi zuwa wajensa fiye da kowa a fadamar, da hantsi su zo da azahar su zo da la'asar su zo, kwano na ƙarewa da wuri. Rannan ya hau mangwaro yanko reshe sai ya hango Duna can waje bayan garken, ba haushi ba gudu, yana tafe a hankali yana karkato su ta nan yana tare su ta can kamar Bafillace, har ya kawo su bakin wani rami da ya tona ƙarƙashin shinge. Da ta gaba ta sa kai sai ya zagaya da gudu ya shigo ta ƙofa ya afka musu da kururuwa ya kai su bakin hanya, ya dawo ya zauna gindin itacen ya ɗaga kai yana kaɗa wutsiya.

Illa ya sauko. Ya dubi gabas Malam na jan guga, ya dubi yamma Shekara ta ba da baya. Ya janyo ƙaya ya toshe ramin da ƙafa, ya daɗe tsaye da kwano a hannu, sannan ya gutsuro ya jefa ya ce, "Ai dai ka kore su."